Kwamfutar da ke Mutuwa Ba Sallama: A Fara da Binciken Wutarta

     

Yau zancenmu na kwamfuta ne, ta tebur, irin wadda ake girkewa wuri ɗaya da akwatinta da allonta. Wanda ba shi da ita kada ya yi saurin murɗa rediyonsa. Ko ba ka da ita, buƙatarka na wurinta. Ɗanka zai cika takardar JAMB, jarrabawar da tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Za a buga maka katin ɗaurin aure. Za a ciro wa 'yarka sakamakon jarrabawa. Za a fitar maka da takardar NIN. Duk ta cikin akwatin nan suke bi. Ranar da ya ƙi aiki, layin mutane ne ke tsayuwa a rana.

Kukan da masu shagon buga takardu da ma'aikatan ofis suke yi kusan iri ɗaya ne. Ana cikin aiki sai kwamfuta ta ɗauke ɗif. Babu gargaɗi, babu sallama. Wani lokaci ta kashe kanta ta sake tashi ita kaɗai. Wani lokaci da safe sai an danna maɓalli an sake dannawa kafin ta amsa. Yau lafiya lau, gobe ta birkice. Mai ita ya rasa inda zai kama.

Hukuncin da aka saba yankewa kun san shi. Bairos ne, sai an yi mata fomat. A share komai, a sake ɗora Windows, a karɓi kuɗin aiki. Takardun mutane na shekara da shekaru su tafi. Bayan kwana kaɗan ciwon ya dawo yadda yake. Daga nan sai a ce ai babban allon cikinta ne ya mutu, a sayi wata.

To ga maganar da na zo da ita yau, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji da ni. Kwamfutar da ke mutuwa ba sallama, a fara da binciken wutarta. Kafin fomat, wuta. Kafin sayen sabon kaya, wuta. Kafin a ɗaure akwati a bayan mota a nufi Gusau ko Sakkwato, wuta. Mu nan yammacin Zamfara mun san tafiyar nan ba ƙaramin abu ba ce a wannan zamani. Ga kuɗin mota, ga fargabar hanya. Abin da za a iya ganowa a zaune cikin shago, bai kamata a hau titi dominsa ba.

Bari in fara da dalili. Me ya sa wuta?

A bayan akwatin kwamfuta, inda ake soka babbar waya, akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai fanka. Shi ne fawa-fak. Wutar da ke fitowa daga bango a ƙasar nan mai ƙarfin bolt 230 ce. Kayan cikin kwamfuta kuwa ba sa iya ɗaukarta. Abin da suke so ɗan kaɗan ne, bolt 12 da 5 da 3 da 'yan kai, kuma a miƙe, ba hawa ba sauka. Aikin fawa-fak ke nan. Ku tuna da madatsar ruwan Bakolori ta wajen Talata Mafara. Ba a sakar wa gonar shinkafa ruwan dam gaba ɗaya. Ta babbar magudana ake bi da shi zuwa ƙanana, kowace gona gwargwadon buƙatarta. In ƙofar rabon ta lalace, ko gona ta bushe ko ta nutse. Haka kwamfuta take da fawa-fak ɗinta.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne, fawa-fak ba ya ajiyar wuta. In wuta ta yanke, ɗan abin da yake riƙewa bai kai tsawon ƙiftawar ido ba. Don haka wutar da ta yi ƙasa ta dawo nan take, wadda kai ko a ƙwan lantarki da kyar za ka lura da ita, ta isa ta kayar da kwamfuta. Fanka ba ta damu ba. Cajar waya ba ta damu ba. Kwamfuta ta damu.

Yanzu mu dubi irin wutar da muke ba ta.

Wuta uku muke da ita a nan. Akwai wadda har yau muke kira ta NEPA, duk da cewa kamfanin Kaduna Electric ne ke raba ta a jihohin Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Kaduna. Akwai ta inji. Akwai ta sola. Kowace da halinta.

Ta NEPA, in ta zo, sau da yawa a gajiye take isowa. Layi ya yi tsawo, taransifoma ɗaya ga unguwa guda. Da magariba kowa ya kunna kayansa, ƙwai ya koma ja. Mai walda a bakin titi ya ɗana ƙarfe, fitilar shagonka ta lumshe. Mai injin niƙa na lantarki ya tayar, ta sake lumshewa. Firizar mai ƙanƙara ta tashi, haka nan. Kowace lumshewa duka ce ga fawa-fak. Sannan akwai lokacin da aka dawo da wuta bayan doguwar ɗaukewa. Mun tuna watan Oktoba na 2024, da jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Ko ɗaukewar ta mako ce ko ta awa ɗaya, mintunan farko na dawowar wuta ba na amincewa ba ne. Kada kwamfuta ta zama ita ce mai tarbar wuta. A bari ƙwai ya tarbe ta, a ga ta zauna, sannan a kunna.

A kan inji zan ɗan daɗe, domin a ganina nan ne ɓarna ta fi yawa.

Ƙaramin janaretan nan na Tiger da ire-irensa, ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba. Kuma ba shi da na'urar daidaita wuta ta kirki. Kwamfuta ita kaɗai ba ta fi ƙarfinsa ba. Matsalar abokan zamanta ne. Firinta mai amfani da garin tona tana da wani ƙarfe a ciki da sai ya yi zafi sosai kafin rubutu ya kama takarda. Lokacin da take ɗumama shi tana zuƙar ɗaruruwan wat a tashi ɗaya. Injin fotokwafi haka. Injin laminatin haka. Kai da kunnenka za ka ji janareta ya sauya murya, ya yi nishi. A daidai wannan nishin kwamfuta ke faɗuwa. Mai shago ya ce, duk lokacin da na tura bugu sai ta mutu, lallai firintar ce ta sa mata bairos. Ba bairos ba ne, malam. Injinka ne ya kasa ɗaukar su biyun.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, wata sabuwar al'ada ta shigo. Ba a cika tanki. Kwalba ɗaya ake zubawa, a lallaɓa. Sai mai ya ƙare ana tsakiyar aiki. Injin da mai ke ƙare masa ba ya mutuwa kai tsaye. Sai ya yi sama ya yi ƙasa, ya yi tari, sannan ya tsaya. Wutar da yake fitarwa a waɗannan daƙiƙoƙi ita ce mafi muni. Ƙa'idar mai sauƙi ce. A tayar da inji ba komai a kansa, ya daidaita, sannan a jona. In za a kashe, kwamfuta ce farko, inji daga baya. Kuma a riƙa leƙa tanki.

Sola kuwa alheri ce, kuma jama'a da yawa sun koma gare ta. Amma inbata, na'urar da ke mai da wutar batir irin ta bango, iri biyu ce. Akwai mai fitar da wuta sumul irin ta NEPA in tana da lafiya. A kasuwa fiyo-sain ake ce mata. Akwai mai araha, mai wuta da gargada. Gane ta ba wuya. Jona mata fankar tsaye, za ka ji fankar tana gurnani. Wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da irin wannan, musamman lokacin da aka sauya daga wata wuta zuwa gare ta. Sannan akwai batir. In ya tsufa, da hantsi komai lafiya domin rana na ciyar da shi. Bayan la'asar, rana ta yi sanyi, a tura bugu, inbata ta yi ƙara ta yanke. Laifin ba na kwamfuta ba ne ko kaɗan.

Kun ga ke nan, tun ba mu taɓa sukudireba ba mun sami waɗanda ake zargi har uku. Shi ya sa nake cewa a fara da binciken wuta.

To yaya za a yi binciken? Mu juya can.

Kayan aikin farko biro ne da takarda. Duk lokacin da ta mutu, rubuta ƙarfe nawa ne. Rubuta wace wuta kake kai. Rubuta abin da aka kunna a daidai lokacin, a shagonka ko a maƙwabta. Kafin mako ya zagayo takardar za ta yi magana. In kullum a kan inji ne, ka san inda za ka duba. In kullum da magariba ne, ka sani. In kullum da tsakar rana ne bayan ta daɗe tana aiki, wannan wani zance ne, za mu zo kansa.

Sai gwaji biyu da ba sa cin ko kwabo.

Na farko. Da ka kunna kwamfuta, kafin Windows ta buɗe, akwai maɓallin da ake dannawa a shiga shafin saitinta na asali, wanda ake kira BIOS. A yawancin na Dell F2 ne, a na HP F10. Shiga can, kada ka taɓa komai, ka bar ta a kunne. A wannan shafi Windows ba ta tashi ba. Bairos ma bai tashi ba. In ta mutu a nan, an wanke Windows, an wanke bairos. Fomat ba zai yi maka maganin komai ba. In ba ta mutu a nan ba, ba a wanke fawa-fak ba tukuna, domin a wannan shafi ba a ɗora masa nauyi sosai. Amma in ta mutu, ka tsira da takardunka da kuɗinka.

Na biyu. Ɗauki akwatin ka kai inda wuta ke da kyau. Wani abokin sana'a mai sola mai ƙarfi, ko ɗan'uwa mai inbata ta kirki. Jona ta can da wata waya daban, ka yi aikin da ka saba. In ta wuni lafiya a can, kwamfutarka ƙalau take. Ciwon yana shagonka. In can ma ta mutu, ciwon yana cikin akwati. Da wannan gwaji kaɗai ka raba matsalar gida biyu.

Mu ɗauka ciwon yana shago. Bi wayar da hannunka daga bayan akwati har bango. A shaguna da yawa za ka tarar da waya tsirara an tura cikin soket an danne da tsinken ashana. Za ka tarar da filogi mai siraran ƙafafu irin na Amurka yana lilo cikin soket mai faɗin baki. Ana taɓa tebur da gwiwa, wuta ta yanke ta dawo. Za ka tarar da doguwar soket mai araha, wayarta siririya, an ɗora mata kwamfuta da firinta da fanka da cajar wayoyi goma. Taɓa filogin. In da ɗumi, akwai matsala. In bakin soket ya yi baƙi ko ya narke, a sauya shi yau. Wannan ya wuce zancen kwamfuta, gobara ce ke sallama.

Akwai kuma masu cewa akwatin yana jan su in sun taɓa shi ba takalmi. Wannan alamar babu wayar ƙasa ce a ginin, ko kuma ta tsinke. A kira mai wayarin ya kafa ƙarfe a ƙasa ya haɗa ta yadda ya kamata. Da damina kuma, in hadari ya haɗu ana walƙiya, kashe maɓalli bai isa ba. A zare filogi daga bango. In akwai wayar intanet da ta shigo daga eriya a kan rufi, ita ma a zare.

Yanzu mu ɗauka ciwon yana cikin akwati.

Kafin komai, kwashe takardunka. Zuba su a filas ko a wani faifai na waje. Kowace mutuwar bazata tana iya lalata takardar da ke buɗe, kuma tana gajiyar da had-dis. Kwamfutar da ta fara wannan hali ba wurin ajiya ba ce.

Sannan ka zagaya bayanta ka duba. Kai hannu kusa da fankar fawa-fak. Iska na fita? In fankar ta tsaya ko tana karkarwa, fawa-fak yana dafuwa a ciki, kuma zai riƙa kashe kansa don kada ya ƙone. Sansana. Ƙaurin roba ba alamar alheri ba ce. Saurara. Siririn fito ko tartsatsi daga wurin, shi ma haka. Ƙurar hunturu tana shiga ta toshe komai. Tsaka na son ɗumin wurin, ta shiga ta kwanta a kan layukan wuta, ta mutu ta kashe shi. Kyankyasai na shiga. Zanzaro ma kan yi gininsa a kwamfutar ofis da aka rufe aka tafi dogon hutu.

A nan ina roƙon ku kasa kunne sosai, musamman masu sayen kwamfutar gwanjo daga Legas ko Kano. A bayan wasu tsofaffin fawa-fak akwai wani ɗan jan makunni. Gefe ɗaya an rubuta 115, ɗaya gefen 230. Na farkon don wutar Amurka ne. Namu 230 ne. In kwamfuta ta zo daga can makunnin yana kan 115, aka jona ta a nan, ƙara ɗaya za a ji, sai hayaƙi. Yara ma kan tura shi da wasa. Duba shi kafin ka jona sabuwar saye. Wanda ba shi da makunnin, a karanta takardar da ke manne a jikinsa, an rubuta iyakar wutar da yake ɗauka.

Gargaɗi na gaba ya fi wannan nauyi. Kada ka buɗe fawa-fak. Buɗe babban akwati ba laifi, in an zare waya. Amma ƙaramin akwatin ƙarfen nan a bar shi a rufe. A cikinsa akwai manyan kafasito da ke riƙe wutar da ta haura bolt 300, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare waya daga bango. Tana iya kisa. Na sake faɗa, wanda bai koyi aikin ba kada ya buɗe.

Bari in yi magana da ƙannenmu masu gyara, na Anka da Gummi da Bukkuyum, domin na san suna ji. Na san dabarar da kuke yi, ta haɗa koriyar waya da baƙa don a ga ko fanka za ta juya. Dabara ce mai amfani, amma iyakar abin da take faɗa shi ne fawa-fak bai mutu murus ba. Ba ta ce yana da lafiya ba. Da yawa suna juya fanka lafiya lau, a ɗora musu nauyi su durƙushe. Ku sa mita, kuma ku auna kwamfuta tana cikin aiki. Rawayar waya ita ce ta bolt 12, ja ta 5. Ƙa'idar da aka gina su a kai ta yarda da kaucewar kashi 5 cikin 100 kawai. In rawaya ta sauka ƙasa da 11.4, an fita daga ƙa'ida. Mita ma ba ta ganin komai, domin akwai rawar wuta mai saurin da ba ta kamawa. Hujja mafi ƙarfi ita ce a ɗora wani fawa-fak da aka tabbatar da lafiyarsa, a ga ko ciwon zai tafi. Kowane mai gyara ya kamata ya ajiye guda ɗaya don gwaji kawai.

Ku kuma kula da na HP da Dell da Lenovo na ofis, waɗanda su ne suka cika kasuwarmu. Da yawansu fawa-fak ɗinsu na gidansu ne, da nasa bakin da nasa tsarin wayoyi. Launin waya a can ba lallai ya zo daidai da wanda kuka saba ba. Kada a yanke a haɗa da ka. A duba lambar da ke jikinsa a nemo irinsa. Sannan abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. In ka sauya fawa-fak da ram da Windows rana ɗaya ta warke, ba ka san wanne ne ba, kuma mai kaya ya biya kuɗin uku.

To, kada a ce na ɗora wa wuta laifin duniya. Akwai masu kama da ita, zan ambace su a gurguje.

Zafi na farko. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, shagon kwano tanda ne. Kwamfutar da zafi ke damu tana farawa lafiya, fankarta ta yi ta ƙara ƙarfi, sannan ta mutu. In ka sake kunnawa nan take ba ta jimawa. In ta huce sai ta daɗe. Maganinta a fitar da ita waje a hure ƙurar da abin hura iska, a riƙe fanka kada ta yi ta juyawa, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. Kuma a ɗaga ta daga ƙasa, a janye ta daga jikin bango.

Ram na biyu, wato ɗan siririn allon da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinsa. Shi ya fi kawo shuɗin allo mai rubutu, ko kwamfuta ta tsaya cak, ko ta yi ta ƙara tun daga kunnawa allo bai kawo ba. A zare shi, a goge bakinsa da abin goge fensir, a mayar ya zauna daram. Na uku ɗan batir ne mai kamar kwabo a kan babban allo. In ya mutu, kwanan wata ke komawa baya duk safiya, shafukan intanet su ƙi buɗewa. Kuɗinsa kaɗan ne. An sha yi wa kwamfuta fomat a kan wannan ɗan batir.

Bambancin da za ku riƙe shi ne wannan. Wadda ta yi rubutu ko ta yi kuka kafin ta faɗi, tana iya zama ram ko Windows. Wadda ta ɗauke ɗif kamar an zare waya, a fara da wuta, sai zafi.

Saura zancen saye. In ta tabbata fawa-fak ne, kada lambar da aka rubuta a kwali ta ruɗe ka. Akwai sababbi masu araha da aka rubuta wa wat 500 ko fiye, ka ɗaga ka ji kamar babu komai a ciki. Kwamfutar buga takardu ba ta buƙatar wannan lamba. Tana buƙatar mai gaskiya. Ni dai a ra'ayina, na asali da aka ciro daga wata kwamfutar, aka gwada shi a gabanka, ya fi sabo marar suna. Kuma ka tuna, in ba ka gyara abin da ya kashe na farko ba, na biyu ma hanyar zai bi.

Mutane kan tambaya, sitabilaiza zan saya ko UPS? Aikinsu ba ɗaya ba ne. Sitabilaiza tana ɗaga wutar da ta yi ƙasa, ta rage wadda ta yi yawa. In wuta ta yanke ba ta da abin ba ka. UPS yana da batir, yana riƙe ka na 'yan mintuna ka adana aiki ka kashe cikin natsuwa. Mai fama da jan ƙwai, sitabilaiza. Mai fama da yankewa da sauyi daga NEPA zuwa inji, UPS. Mai hali ya haɗa biyun, sitabilaiza a gaba, UPS a bayanta. Amma kada a jona firintar tona ko fotokwafi a kan UPS, sun fi ƙarfinsa. Kuma wasu UPS ba sa karɓar wutar ƙaramin inji, sai su yi ta ƙyas-ƙyas har batir ya ƙare. A gwada kafin a biya. Batirinsa ma ba na har abada ba ne. A zafin ƙasarmu, in ya yi shekara biyu a fara sa masa ido. UPS mai mataccen batir ado ne kawai a ƙarƙashin tebur.

Wannan ya kawo ni ga maganar da ba zan rufe shirin nan ban yi ta ba. Batirin UPS da yawancin manyan baturan sola, dalma ce a cikinsu. Wayar da masu gyara ke narkawa su yi like, ita ma galibi akwai dalma. Mu a wannan yanki ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba. A 2010 ta bayyana a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma, daga baya aka gano girmanta a Bagega. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF sun shafe shekaru suna jinyar waɗanda suka rayu. Waccan daga duwatsun zinariya ta fito, da ake niƙawa a cikin gidaje. Amma dalma dalma ce, ko daga dutse ko daga batir. Kada a fasa mataccen batir a gida. Kada a narka shi. Kada a bar shi a tsakar gida yara su mai da shi kujera ko motar wasa. A ajiye shi a rufe inda hannun yaro ba ya kai, har a miƙa shi ga masu karɓar tsofaffi a inda ake sayar da sababbi. Mai gyara kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, kafin ya ɗauki ɗansa.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Roƙona gare ku ƙarami ne. Mai shago, yau kafin ka rufe, ka kwashe takardun mutane ka adana a wani wuri, ka taɓa filoginka ka ji ko da ɗumi. Shugaban makaranta da magatakardan ofis, in an zo muku da takardar neman kuɗin fomat, ku tambaya ko an gwada kwamfutar a kan wata wutar. Iyaye mata, in kun ga tsohon batir a tsakar gida, ku sa a ɗauke shi yau. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu da 'ya'yanmu, ya ba mu lafiya da zaman lafiya.